Yadda Idon Ruwanmu Ya Ci Gwaji

Makullin idon ruwan garinmu a hannuna yake, kamar yadda ya zauna a hannun babana kafin ya rasu. Garin ƙarami ne, a gindin duwatsu, ba nisa da Kagoro. Ruwan da muke sha yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani babban dutse, ya taru a cikin ɗan ɗakin siminti mai murfin ƙarfe wanda muke kira akwati. Daga nan bututu ya gangara da shi tanki, tanki kuma ya raba wa famfunan unguwanni. Aikina in buɗe, in rufe, in sare ciyawa, in wanke akwati, in bututu ya fashe in sanar da ofishin ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da zan ba da labarinsa ba kuskuren rashin sani ba ne. Na sani sarai, kuma na yi.

Mutanenmu suna ji da wannan ruwa. In baƙo ya zo daga Kafanchan, kafin ya gama zama an miƙa masa kofi, ana tsaye ana jira ya ce, "Kai, da sanyi!" Babana yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun ginin akwatin a ka, kuma har ya tsufa bai daina nuna wa mutane tabon da wani dutse ya bar masa a ƙafa ba. A coci, in ana addu'ar godiya, ba a manta ruwan da Ubangiji ya fasa mana daga dutse.

Amma akwai abin da gidanmu ya sani. In ka hau sama da akwatin, ka ratsa gonakin citta, za ka iske wani rafi da yake gangarowa daga kan dutse. A inda rafin ya yi kwana akwai rami tsakanin duwatsu biyu, bakinsa bai fi na randa ba. Da rani ruwa ba ya kaiwa wurin. Da damina kuwa, in rafi ya cika, wani kaso na ruwan yakan faɗa ramin nan da ƙara, ya ɓace. Muna yara, ni da ƙanena mun taɓa zuba ƙaiƙayin acca a ciki, muka ruga ƙasa inda babana yake aiki da murfi a buɗe. Ba mu daɗe da zama ba sai ga ƙaiƙayinmu yana yawo a cikin akwati. Mu dariya muka yi. Babana bai yi ba. Ya ce kada mu sake, kada kuma mu faɗa wa kowa.

Shanu suna ƙetare rafin nan. Masu noma, in ciki ya matsa musu, bakinsa suke zuwa. Duk abin da ruwan sama ya wanko daga gona, can yake tafiya. Shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi akwatinmu yakan koma kamar shayi da madara. Abin da na gada shi ne in buɗe bututun wanki, mafi jan ya zube a ƙasa, in ya ɗan kwanta in sake shi zuwa gari. Mutane suna ganin famfo ya yi ja da damina, sai su ce tsatsar tsohon bututu ce. Ban taɓa ce musu ba haka ba ne.

Shekarar da nake magana, a farkon damina, ofishin ruwa ya aiko mana da wata injiniya. Matashiya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ɗan acaɓa ne ya kawo ta har inda hanya ta ƙare, tana rungume da kula, da jaka a baya. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar 'yar gida.

"Baba, ina kwana? Kai ne mai ruwa?"

Na ce, "Ni mai makulli ne dai. Mai ruwa yana sama."

Ta yi dariya, ni ma na ji daɗi da maganata ta shiga. Na buɗe mata akwati. Ranar ruwan garau yake, kana ganin kowace tsakuwa a ƙasa. Ta tsoma wasu na'urori masu igiya, ta cika kwalabe, ta jera su a cikin kula a kan ƙanƙara. Tana aiki tana yi mini bayani, ba ta raina ni ba ko kaɗan.

"Abu ɗaya na zo dubawa, Baba. Ruwan nan daga ƙarƙashin ƙasa kaɗai yake zuwa, ko kuwa ruwan sama da na rafi suna samun hanya su shiga? Ruwan da ya daɗe a cikin dutse ba ya canza hali. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, sanyinsa ɗaya, haskensa ɗaya. In kuwa da an yi ruwa sai launinsa ya sauya, ko sanyinsa ya bi na rafi, ko muka ga gansakuka da ƙananan ƙwari irin waɗanda sai a hasken rana suke rayuwa, to akwai ƙofa a wani wuri."

Na ce, "In akwai ƙofa fa?"

"Sai a gina muku matatar ruwa. Manyan tankuna ne cike da yashi da tsakuwa, ruwa ya bi ta ciki ya tace kafin ya kai gari. Guda ɗaya za a gina a wannan yanki, kuma garin da ruwansa ya fi bukata shi zai samu."

Na ji ta da kunnena, da Hausa mai sauƙi. Ba zan ce ban gane ba. Yarda ce ban yi ba. A wani ƙauye da ke bayan dutse an taɓa zuwa duba rijiya, aka shafa mata jan fenti, aka sa kwaɗo, aka tafi da alkawari, har yau matan ƙauyen rafi suke zuwa. Kafin la'asar labarin injiniya ya zaga kasuwa, mai gyaran mashin yana yi mini ba'a: "Baba mai makulli, ka fara neman baro da jarkoki, jan fenti yana hanya." Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

Ban da wannan, ni a sanina duk abin da aka kira gwaji, ci ake yi ko a faɗi. Muna firamare, in mai duba makarantu zai zo, sai mu share fili, mu shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a ɓoye bencin da ya karye a bayan aji. In manyan ikilisiya za su zo daga gunduma, haka muke yi har gobe. Ba a kiran baƙo gida da shara a tsakar gida. Ga shi wannan baƙuwa, kafin ta hau mashin, ta ce mini:

"Ruwan da ke sauka a kan dutsenku ba lallai ya sauka a Kafanchan ba. In an yi mai ƙarfi ka kira ni nan take. Kada ka wanke komai, kada ka taɓa komai. Yadda yake nake so in same shi."

Da na koma gida na faɗa wa matata, na ƙara da cewa ai ba zai yiwu a bar yarinyar mutane ta zo ta ga akwati kamar kunu ba. Matata tana tsinke ganyen rama, ba ta ɗago ba. Da yarenmu ta amsa.

"Kai za a sa a kwalba?"

"Ban gane ba."

"Na ce kai za a sa a kwalba a kai Kafanchan, ko ruwa? Baban yara, ba surukarka ba ce da za ka share mata gida. Mai ciwo ba ya ɓoye wa likita ƙurji."

Na ce mata ba ta san aikin gwamnati ba. Ta ce gaskiya ne, ita aikin wankin zanin jikoki in gudawa ta kama su ta sani. Na fita na bar mata gidan.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa irin wanda ake nema. Da gari ya waye na hau, na ɗaga murfi. Ja wur, da ɓaɓɓakun ganye, har da wari-warin garke. Na ciro waya. Lambarta tana nan, na duba ta na daɗe. Sai na mayar da wayar aljihu.

Na koma gida na ɗauko buhunan taki da fartanya. Na hau wajen ramin nan, na cika buhunan da yashi, na cusa su a baki, na liƙe gefe da yumɓu, na mirgino wani faffaɗan dutse na ɗora a kai, na watsa ganye. Rafi ya bi hanyarsa gaba ɗaya kamar bai taɓa sanin wurin ba. Na sauko na buɗe bututun wanki, na tuɓe riga na shiga akwati da burushi, na goge bango, na kwashe laka da bokiti. Washegari ruwan ya kwanta. Da na ga ya koma garau, sannan na kira ta.

"Injiniya, an yi ruwa jiya, mai ƙarfi."

"Na gode, Baba! Ga ni nan zuwa."

Ta zo da saurinta, laka har gwiwa. Ta auna rafi daga ƙasa, inda yake wucewa kusa da hanya, ta auna akwati. Rafi ja, akwati fari. Sanyin akwati bai motsa daga inda ta bar shi ba. Ta haɗa wani ɗan bututu mai abu kamar ƙullin zare a ciki, ta bar ruwa yana bi ta ciki har rana ta yi sama, ta ce shi zai kama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Muna zaune muna jira tana ba ni labarin mamarta da ke sayar da doya a Sabon Tasha. Da za ta tafi ta ce, "Ruwanku yana da kirki, Baba." Na ce mun gode Allah.

Ƙarar mashin ɗinta ba ta ɓace ba na hau na buɗe ramin. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna. Da a ce na toshe ne don lafiyar mutane, da na bar shi a toshe. Amma in ramin yana rufe ruwan akwati raguwa yake yi, tanki ba ya cika, mata su yi layi a famfo suna kiran sunana. Saboda haka sai in rufe wa baƙuwa, in buɗe wa 'yan gari. Mai tsabta na nuna mata, mai datti na ba su.

Haka muka yi ta yi duk damina. A yi ruwa, in toshe, in wanke, in jira, in kira. Har na ƙware. Na san irin hadarin da zai sa in ajiye buhuna kusa. Wani zuwa ta kawo mini takalmin ruwa sabo, ta ce ta lura silifa nake hawa dutse da shi. Na karɓa da hannu biyu na sa mata albarka. Da shi na riƙa hawa ina toshe ramin.

Sau ɗaya asirina ya kusa tonuwa. Ta sunkuya tana cika kwalba sai ta tsaya cik.

"Baba, zo ka gani."

Talibambam ne, ɗan ƙarami, yana kaɗa wutsiya a lungun da burushina bai kai ba. Ta ɗebo shi a tafin hannu.

"Kwaɗo ba ya ƙwai a cikin dutse. Ta ina wannan ya shigo?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce laifina ne, ran nan na bar murfi a buɗe na tafi cin abinci, wataƙila kwaɗo ya faɗa. Na ce ta yi haƙuri, tsufa ne. Ta dube ni, ta dubi murfin, ta dubi dutsen da ke samanmu.

"Ka daina barinsa a buɗe. Amma yau ina so in hau in ga rafin nan daga sama."

Na ce hanya da santsi. Ta ce ta saba. Na ce akwai macizai a cikin citta. Ta ce ai ina gaba, ni za su fara gani. Ba yadda zan yi, muka hau. Tana tafe tana duba bakin rafi, tana tura sanda a ƙarƙashin duwatsu. Da muka kai kwanar nan na tsaya. Sai na ce mu huta, na ciro gasasshiyar masarar da matata ta ƙunsa mana, na share ganyen da ke kan faffaɗan dutsen da hannuna, na ce, "Zauna nan, 'yata, ya fi bushewa." Ta zauna a kan ramin tana cin masara.

Muna nan sai ga wani dattijon Bafulatani da yake kiwo a kan dutsen da damina. Tun muna samari muka san juna, yana ce mini mai famfo, ina ce masa ardo ko da yake ba ardon kowa ba ne. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi iyali. Na ga idonsa ya sauka a kan dutsen da take zaune, ya koma kan rafi, ya dawo kaina. Shekara da shekaru yana wucewa nan, ya san ƙarar da wurin yake yi in rafi ya cika. Ranar kuwa wurin shiru.

Injiniya ta gaishe shi ta ce, "Baffa, kai da kake yawo a nan kullum, akwai inda ruwan rafin nan yake nutsewa a ƙasa?"

Ya jingina da sandarsa. Ni kuwa takalmina nake kallo.

"'Yata, ni baƙo ne a kan dutsen nan. Ga ɗan gari, ga mai famfo. Shi ya san ruwansa."

Ta juyo gare ni. Na ce, "Babu. Tun ina yaro nake nan, ban taɓa gani ba."

Ta gyaɗa kai, ta jefar da totuwa, ta tashi muka ci gaba. Mun hau har inda rafi ya fito, ba ta ga komai ba, muka sauko.

Bayan kwana biyu na haɗu da dattijon a hanyar kasuwa. Bai yi mini wasan da muka saba ba. Ya ce, "Mai famfo, ka sa na yi shiru a gaban yarinya. In aka ce ruwa ya ɓaci, shanuna za a fara nunawa, shi ya sa na bar maka. Amma ban ji daɗi ba." Ya wuce.

Da damina ta ja baya injiniya ta zo zuwan ƙarshe, ba kula, ba kwalabe. Fuskarta a sake. Ta ce duk abin da ta auna ya nuna ruwanmu daga ƙarƙashin ƙasa yake, bai canza ba ko bayan ruwan sama, ƙwayoyin cuta kaɗan ne, kulorin da ake sawa a tanki ya isa. Matatar ruwan za ta tafi wani gari da ke hanyar Gidan Waya, inda nasu idon ruwan ya nuna rafi yana shiga.

Na ce, "Wato ba za a rufe namu ba?"

"Rufewa kuma? Wa ya ce za a rufe? Su ma can ba rufewa za a yi ba, gyarawa za a yi." Ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Nas ɗin asibitinku ta ce da damina yara suna yawan zuwa da gudawa. Tunda ba daga ido ba ne, wataƙila daga gida ne, randa ko bokiti. Zan faɗa wa masu kiwon lafiya su zo su yi wa mata magana."

A nan ya kamata in buɗe baki. Tana gabana, ba kowa, makulli yana hannuna, ramin yana sama. Tafiya kaɗan ce. Na ce, "Allah ya saka da alheri, 'yata. Ki gai da Mama."

Masu kiwon lafiya suka zo ranar zumuntar mata. Matata ta dawo daga coci ta ajiye littafin waƙa da ƙarfi a kan tebur.

"Yau an koya mini wanke randa."

Ta zauna ta ci gaba.

"Ni, da furfurata. Wata yarinya da farar riga ta ɗaga soso sama tana nuna mana yadda ake riƙewa. Ta ce mu ne muke sa wa 'ya'yanmu ciwo da ƙazanta. Matar makwabcinmu har kuka ta yi, ka san nata ne ya kwanta a asibiti. Ni kuwa ina zaune, na san inda buhunan takina suka tafi."

"Kin faɗa?"

"Abin da ya dame ka ke nan? Ban faɗa ba. Ba ni na toshe ba, ba ni zan buɗe ba."

Daga ranar ta daina ba ni ruwa a kofi in na dawo daga aiki. Tukunyar tafasasshe tana nan a gefe, ta jikoki ce. Ni in ɗiba a famfo da kaina, tunda ruwana ya ci gwaji.

Lahadin da ta biyo, ana cikin sanarwa, fasto ya ce ikilisiya tana da abin godiya: gwamnati ta auna ruwanmu ta same shi ba aibi. Ya kira ni gaba. Na fita. Aka tafa, mata suka yi guɗa, mai ganga ya ƙara da nasa. Wani dattijon ikilisiya da ya yi aiki da babana ya riƙe hannuna ya ce, "Da babanka yana nan da ya yi murna. Ka riƙe amana." Fasto ya ɗora mini hannu ya yi addu'a Ubangiji ya ƙara mana masu aminci a kan ƙaramin abu. Na ce amin tare da kowa. Na duba wajen mata, matata kaɗai ce hannunta yake kan cinya.

Da rani muka je jana'iza ta hanyar Gidan Waya. Daga tagar bas na hango aikin: an haƙa, an zuba siminti, ga tulin yashi da tsakuwa, ga mutanen garin suna tsaye suna kallo. Wani a cikin motar ya ce, "Waɗannan ruwansu ne ya faɗi gwaji, kunya." Wani ya ce, "Kunyar me? Ga shi ana yi musu aiki." Na juya fuska na yi kamar barci nake ji.

Ban iya zama ba bayan wannan. Wata safiya na sa rigar coci na shiga mota zuwa Kafanchan, na shirya maganata tun daga gida, na maimaita ta a hanya. Na zauna a benci a gaban ofishinsu. Da ta fito ta gan ni sai ta yi ihu, "Baba na dutse!" Ta kama hannuna ta kai ni ciki, tana nuna ni ga abokan aikinta, tana cewa a duk wuraren da ta je ba wanda ya taimake ta kamar wannan tsoho, ko sau ɗaya bai manta kiranta ba. Ta aika aka sayo mini lemo mai sanyi. Sannan ta ce, "Lafiya dai, Baba? Me ya kawo ka?"

Mutane suna kallona, kwalba tana hannuna. Na ce robar famfon tanki ce ta cinye, ko za a samu wata. Aka ba ni guda biyu. Na dawo gida da su a aljihu.

Damina ta sake zagayowa. Yanzu in an yi ruwa nakan toshe ramin da gaske, in bar shi a toshe iya yadda zan iya. Amma tanki ba ya cika, gari ya yi ta surutu, ofishi ya kira a ce me ya sami ruwan da ba shi da matsala. Wani lokaci kuma rafi da kansa yake kwashe buhunan tun kafin in isa. Ruwan yakan gangara ja, ba abin da zai tare shi tsakanin akwati da bakin mutane.

Wata safiya bayan irin wannan ruwa ina saukowa daga dutse na iske wata matashiya a famfon unguwarmu, matar ɗan makwabcinmu, da jariri goye a baya. Bokitinta ya cika da ruwa mai launin ƙasa. Ta gaishe ni.

Na ce, "'Yata, wannan na wanki ne?"

"Na sha ne, Baba. Zan dama wa wannan koko, ya fara ci."

"Ki tafasa shi sosai. Har wanda za ki ba shi ya sha, ki tafasa."

Ta yi dariya tana gyara goyo. "Haba Baba, ai an gwada. Ba kai aka tsayar a coci ba? Tsatsar bututu ce kawai, in ya kwanta shi ke nan. Randata kuma kullum sai na wanke, yadda aka ce."

"Ki ji maganata. Ruwan nan da kike gani ba shi aka gwada ba."

"To wanne aka gwada? Ido biyu gare mu?" Ta sake dariya. "Kuma itace duk ya jiƙe, gawayi ya yi tsada. In na ce zan tafasa ruwan sha, da me zan yi tuwo?"

"Ko na jaririn kaɗai."

"To, Baba," ta ce, da irin muryar da ake amsa wa tsofaffi don su yi shiru. Ta ɗora bokiti a ka ta tafi, kan jaririn yana lilo a bayanta.

Na shiga gida na wuce kicin, na ɗebi busasshen itacen da matata take ɓoyewa a saman murhu saboda damina. Tana kallona, ba ta hana ba, ba ta kuma tambaya ba. Na ɗaure na kai ƙofar gidan yarinyar, na yi sallama, na ce ga wannan, na ruwan yaro ne. Ta fito tana goge hannu a zani, ta durƙusa ta karɓa.

"Kai, Baba, Allah ya yi albarka! Dama wake nake so in dafa."